Bakaniken da Ya Ƙi Ɗaura Jar Filta

An yi wani mutum, bawan Allah, wanda ko ranar Juma'a ka gaisa da shi sai ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Malam Tanimu ake ce masa. Gyaran babur yake yi a wata 'yar rumfa a bakin tashar 'yan acaɓa, a wani gari da ba sai an kira sunansa ba. Da rumfar nan yake ciyar da gidansa, ba shi da wata sana'a.

To ku saurara. Wata shekara aka shigo da wata irin filtar iska, ja, mai ƙyalli, kamar kofin shayi. Sai a cire akwatin filtar da babur ya zo da shi, a ɗaura wannan a fili. Babur ya riƙa ruri yana fizga. Garin nan kuwa ba kwalta, duk hanyoyinsa jar ƙasa ce.

Wani matashi, Sabi'u, wanda tun babur ɗinsa na farko Malam Tanimu ke duba masa, ya kawo tasa a leda.

"Baba, ɗaura min. Yau sai fasinja sun san na iso."

Malam Tanimu ya ɗaga ta, ya hangi rana ta cikin ragarta. "Ɗana, abin da haske ya ratsa haka, ƙura ma za ta ratsa. Injin zai sha ƙasa. Ba na ɗaurawa."

"Babur ɗina ne fa, Baba."

"Naka ne. Hannun kuma nawa ne."

Sabi'u ya yi dariya. "Baba ya tsufa, har ƙara tsoro take ba shi." Ya tsallaka titi, wasu masu gyaran suka ɗaura masa.

Haka aka yi ta yi. Kowa ya zo, magana ɗaya. Kowa ya ji, ya tsallaka titi. Rumfa ta zama makwancin awaki. Shi kuwa da yamma sai ya bi bakin kwata yana tsince akwatunan filtar da aka zubar, ya wanke sosonsu, ya shanya, ya adana.

Matarsa ta ce, "Malam, ba kai ka ƙera ba, ba kai ka sayar ba. Ɗaurawa ce kawai. Tukunya fa ba ta san gaskiya ba."

Ya ce, "Da ban sani ba, da na ɗaura. Matsalar na sani."

Rani bai ƙare ba babura suka fara hayaƙi. Na Sabi'u ne ya fara bugawa. Kuna tsammani za su dawo su ce Baba ka yi gaskiya? Ku dai saurara.

Sabi'u ya tsaya tsakiyar tasha ya ce, "Wa ya fara cewa injin zai sha ƙasa? Kafin ya faɗa lafiya lau muke. Baki ya yi mana don mun daina zuwa wurinsa."

Magana ta kama kamar wutar kara. Wasu har laya suka rataya wa baburansu, jar filta kuwa tana nan inda take.

Shugaban ƙungiyar 'yan acaɓa ya zo da kansa, yaransa na biye da shi. "Malam, ni ban ce ka yi ba. Amma sun ce ba sa ajiye babur kusa da kai, rumfar kuma ta ƙungiya ce. Ka yi haƙuri."

Malam Tanimu ya dubi Sabi'u. Sabi'u ya dubi ƙasa.

Jama'a, ga abin da ke cikin wannan labari. Gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin godiya ba, sakamakonta yana wurin Allah. Mu kuma mutane ne masu son ƙara, masu ƙin gargaɗi. Kowa ya duba gidansa, ya duba unguwarsu. Wane ne ya faɗa maka gaskiya, da abin ya same ka sai ka ce bakinsa ne? Ka neme shi tun yana kusa.

Shi dai bawan Allah bai yi rantsuwa ba, bai kare kansa ba. Ya fito da akwatunan nan wankakku, ya jera su a kan benci inda kowa zai iya gane nasa. Ya tattara sifanunsa da sauran kayan gyara a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta bayan tasha.