Wardin da Ya Tsallake Katanga

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari can da, ana ce da shi Jatau. Da aka raba gadon mahaifinsu, ƙanensa Gambo ya ga kamar an cuce shi, ya ja katanga a tsakiyar gida, ya daina gaishe shi. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, jama'a! Abin ya ci wa Jatau rai ƙwarai.

To, Jatau yana da furen wardi, irin mai yaɗo yana hawa bango. Ku saurara. Wardin nan ya hau katanga, ya tsallake, ya zuba furensa kaf a gefen Gambo, don can hantsi ke bugawa. Jatau ke jan ruwa, Jatau ke zuba taki, ƙaya a gefensa, ƙamshi a gidan mai gaba da shi.

Matarsa ta ce, "Maigida, sare abin nan mu huta."

Ya ce, "Ba zan sare ba. Shi kaɗai ya rage da ke shiga gidan Gambo daga wajena."

Shi irin wannan wardi, in furensa ya bushe, sai an datse kawunan kafin ya sake yin wani. Gambo bai san haka ba, fure ya tsaya cak. Jatau ya ɗauki wuƙa da tsani, ya je ya yi sallama. Shiru. Washegari ya koma, shiru. Ya koma, ya kuma komawa, bai gaji ba.

Ran nan Gambo ya fito a fusace, ya ce, "Kayanka ka zo sarewa ko? Sare ka fita!"

Jatau ya ce, "Gyara maka na zo yi, don ya sake yin fure."

Ya jingina tsani ya hau, yana datsewa, ƙaya na yagar hannunsa har jini. Can tsanin ya fara rawa, sai kuma ya tsaya. Da ya duba ƙasa, ga Gambo riƙe da shi hannu biyu, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Yaya, bi a hankali."

Allahu Akbar! Zumunci ba ramuwa ba ne, 'yan'uwa. Mai zumunci shi ne wanda aka yanke masa, ya je ya ƙulla. Kai da ke zaune nan, ka san ƙofar da ka daina sallama. Kada ka jira shi ya zo. Tashi ka je, in an ƙi amsawa, gobe ka koma.