Kurege da Ranar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba ta ɓata a hanya ba.

To, ku matso kusa da wutar. Wannan a bakin wata tsohuwa mai daddawa na ji ta, a wata tafiya da na yi da daɗewa. Sunan garin ya ɓace mini. Akwai dai rimi a bakin kasuwarsu.

A can dawa, idan kaka ta zo ƙarshe, an gama girbi, sanyi ya fara leƙowa da safe, namun daji sukan yi bikin ranaku. Kowane gida da ranarsa. Ranar Bushiya ba a gaisawa da hannu, sai daga nesa. Ranar Hawainiya kowa ya ari rigar maƙwabcinsa ya sa. Ranar Jaki ba mai ɗaukar kaya, ko da tsinke ne. Ranar Kwaɗo kuwa kowa sai ya yi waƙa, da mai murya da marar ita. Duk mai rana, kowane gida zai kai masa ƙwarya guda ta abin da aka girbe.

Amma rana ba ta zama rana sai tsoho Kunkuru ya hau suri ya faɗa da bakinsa. Kuma da zarar Zanzaro magini ya liƙe bakin rumbu da laka, biki ya ƙare. Ranar da ba a kira ba kafin nan ta mutu ke nan, ba a sake kiranta har abada.

Ranar ƙarshe ita ce ta Tabawa, matar Kunkuru, wadda ta rasu da jimawa. A ranar ana dafa kabewa a ci tare. Ba farauta, ba faɗa, ba a zubar da jinin kowa.

Kurege ne kaɗai ba shi da rana. An ce kakansa ne ya sayar da tasu a kan gyaɗa, ya cinye gyaɗar a tsaye.

Shekarar nan Kunkuru ya tsufa ƙwarai. Yakan fito ƙofar gida ya tsaya, ya rasa fita zai yi ko shiga. Sai ya kira Kurege, don maƙwabcinsa ne.

Ya ce, "Yaro, kaina ya zama ƙwarya mai huda. Ka riƙa zuwa da safe kana gaya mini ranar da za a kira."

Kurege ya ce, "An gama, Baba."

"Sauran ko sun ɓace mini, masu su za su yi magana. Amma Tabawa ba ta da mai magana sai ni. Kada ka bari a liƙe rumbu ban kira ta ba."

"Haba, Baba. Ai uwata ce."

Aka yi ta Bushiya, aka yi ta Hawainiya, aka yi ta Jaki da ta Kwaɗo da sauransu. Kurege yana kallon ƙore suna wucewa ta ƙofar raminsa, babu wadda ta tsaya. Saura ta Tabawa kawai. Da safe ya je ya durƙusa.

Kunkuru ya ce, "Yau ranar wa?"

"Baba, yau Ranar Masu Wutsiya Buzu-buzu."

"Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To, haka ne. Ranar Tabawa fa?"

"Da saura, Baba."

Kunkuru ya hau suri, yana hawa yana hutawa, ya faɗa. Aka duba wutsiyoyi, aka ga ba wadda ta kai ta Kurege. Ƙore suka cika ƙofar rami.

Washegari ya koma.

"Yau ranar wa?"

"Baba, yau Ranar Ajiye Gyaɗa a Bakin Rami a Juya Baya."

"Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To, haka ne. Ranar mutuniyar nan fa?"

"Da saura, Baba."

Aka ajiye gyaɗa, aka juya baya. Da aka juyo, babu gyaɗa.

Haka ya yi ta yi. Aka yi Ranar Tausayin Gajeru. Aka yi Ranar Wanda Bai Noma Ba. Akwai wata ma, ta fi su duka ban dariya, tsohuwar ta faɗa mini har tana tari, amma ta tafi ta bar ni. Ba komai. Rami dai ya cika, Kurege ya haƙa wani.

Wata safiya Kunkuru ya ce, "Yaro, kamar akwai abin da na ce ka tuna mini."

Kurege ya ce, "Da saura, Baba."

Daga ranar bai sake tambaya ba.

Kura ce ta fara ƙorafi, don 'ya'yanta sun fara kwana da yunwa. Ta tara jama'a a gindin suri ta ce, "Ni ban yi karatu ba, amma na ga ranakun bana duk rami ɗaya suke shiga."

Bushiya ta ce, "Na haifi 'ya'ya, na ga jikoki, ban taɓa jin Ranar Wanda Bai Noma Ba sai bana."

Zanzaro ya ce, "Ku dai ku gama. Na kwaɓa laka, gobe da sassafe zan liƙe."

Kurege yana bayan suri yana saurare. Ya juya zai sulale, sai ya ji ƙafar Kura a kan wutsiyarsa.

Kura ta ce, "Mai buzu-buzu, ina zuwa? Yau Ranar Cin Kurege ce. Ni na ƙirƙiro ta yanzun nan."

"Ranki ya daɗe, ai ba a zubar da jini yau. Yau ranar Tabawa ce."

"Wannan ma taka ce?"

Bushiya ta ce, "A'a, wannan akwai ta. Amma sai mai ita ya kira."

Aka je aka ɗauko Kunkuru, aka ajiye shi a inuwa. Kurege ya matsa iya inda wutsiya ta bar shi, ya ce, "Baba, yau ce. Yau ranar Tabawa."

Kunkuru ya dube shi ya daɗe. Ya dubi jama'a. Ya yi ɗan murmushi irin na baƙon da ba ya so ya ba masu gida kunya.

Ya ce, "Wace ce Tabawa?"

Bushiya ta sunkuyar da kai.

Kurege ya ce, "Matarka, Baba. Mai tabo a ƙoƙon bayanta. Wadda kuka zo tare daga gabas."

"Allah sarki. Ka gaishe ta."

Kura ta lashe baki. Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni tukunya. In an dafa kabewa bai kira ba, ga tukunya a kan wuta, ba sai kin nemi wata ba."

Kura ta ga magana ce mai kyau. Ta raka shi rami, wutsiya a hannunta. Ya fito da kabewa, cikin waɗanda ya tara. Ya sa hannu zai ɗebi gishiri, sai ya tsaya. Ya ce a ransa, kabewata, itacena, har da gishirina? Ya mayar. Ga mutuwa tana riƙe da wutsiyarsa, amma rowa ba ta sake shi ba.

Ya dafa, ya zuba a ƙoƙo, ya ajiye gaban tsoho. Kunkuru ya ɗiba ya kai baki. Ya tauna a hankali. Ya sake ɗiba. Sai ya ɗaga kai ya dubi Kurege.

Ya ce, "Tabawa, kin sake manta gishiri."

Kurege ya ce, "Na'am?"

"Tun muna amarya da ango kike mantawa. Bar shi, ya yi daɗi."

Kurege ya dubi Kura, ya dubi tukunya. Ya sirantar da murya ya ce, "Maigida, yau ranar wa?"

"Ji tambaya. Yau ranar Tabawa ce mana."

Bai hau suri ba, amma kowa ya ji. Kura ta saki wutsiyar. Aka raba kabewar nan marar gishiri, kowa ya ci, kowa ya ce ta yi daɗi. Ba wanda ya yi dariya.

Kurege ya karkaɗe wutsiya, ya fara ja da baya.

Kunkuru ya ce, "Ina kuma za ki? Yanzu fa kika dawo. Kin daɗe a rafin nan."

Kura ta ce, "Ana magana da ke." Ta sunkuya ta raɗa masa a kunne, "Duk ranar da tsohon nan ya nemi matarsa bai gan ta ba, ranar tawa ce, kuma ba sai an hau suri ba."

Zanzaro ya liƙe rumbu da safe. Kurege kuwa ya shiga girki. Kullum da yamma ya ɗauki tukunya ya nufi gidan Kunkuru. Kabewa ta ƙare, ya koma wake. Wake ya ƙare, ya koma gyaɗa, yana zubawa yana hawaye. Ramukan nan biyu suka zama wayam, shi ya rame, wutsiyar ta zube.

Da rani ya yi nisa, Kura ta kwashe 'ya'yanta ta bi ruwa kudu. Kowa ya ce yau Kurege ya huta. Da yamma sai ga shi da tukunya a ka, yana tafe yana zagin kansa.

Kunkuru ya ci kaɗan, ya ture ƙoƙon. Ya ce, "Yaro, gobe ka rage wuta. Ita ba ta ƙona tukunya."

Kurege ya tsaya da ludayi a hannu, ya rasa da wace murya zai amsa.

Tsoho ya ja kansa cikin ƙoƙon bayansa. Daga ciki aka ji ya ce, "Tabawa, in za ki fita ki ja ƙofar."

Kurege ya ja ƙofar.

Ƙurunƙus kan kurege. Duk wanda zai ci amanar tsoho, to ya fara koyon girki tukuna.