Ruwan da Barmani Ta Ba Kogi

Dalilin da ya sa babban kogin nan ba ya shiga teku ta baki ɗaya, sai ya rarrabu kamar yatsun hannu, wata tsohuwa ce mai suna Barmani. Ku matso ku ji, yara, don ni dai ban taɓa jin mace mai zuciya irin tata ba.

A da can, hanya ɗaya ce da Kogi. Ƙoramun gabas da na yamma su juye masa duk abin da suka tara a tudu, shi kuma ya kwasa a guje, ba sallama ba waiwaye, har ya faɗa teku. Ƙarfinsa kuwa, in ka miƙa tulu, da tulun da hannun zai wuce. Masuntan da ke zaune a bakin teku sai suka zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Rijiyoyinsu duk gishiri, ruwan sama suke tarawa a randa.

Wata shekara damina ta yi jinkiri. Randuna suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya za su bar garin. A gidan Barmani abin da ya rage bai wuce ƙwarya ɗaya ba. Ta rufe shi da faifai, ta nufi gaɓa.

Mijinta Jatau ya ce, "Ina za ki da ɗan ruwan da ya rage mana?"

"Baƙo zan kai wa, Malam. Shekara da shekaru yana wucewa ta bayan gidanmu, ba wanda ya taɓa ce masa sannu."

"Kogi za ki ba ruwa? Lalle ƙishirwa ta taɓa miki kai!"

Ta wuce abinta. Da ta isa gaɓa ta durƙusa, maƙogwaronta a bushe, ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Ga ruwa ka jiƙa maƙoshi." Ta juye masa duka.

Kogi ya yi turus. Tun daga tudu kowa ɗiba yake yi a jikinsa, ba a taɓa ba shi ba sai yau. Kunya ta rufe shi.

Ya ce, "Iya, ba a mayar da ƙwarya wofi, amma ba ni da abin zuba miki. Ruwan nan amana ne. Ƙoramu suka ba ni in kai wa Teku."

"Kai masa abinsa, ɗana, ban ce ka ci amana ba. Amma ai ɗan aike yakan biyo ta ƙofar mutane a gaisa. Biyo ta tamu a hankali, mu kurɓa, ka wuce da saura."

"To, nuna mini ƙofarki."

Nan ne fa matar ta burge ni. Yatsa ɗaya ya ishe ta. Sai ta tuna garin da 'yarta Tabawa ke aure, da masu dafa gishiri, har da ƙauyen da suka yi faɗa da su a kan raga. Ta buɗe hannunta gaba ɗaya, ta danna shi a laka.

"Iya, ƙofa ɗaya na ce."

"Ni ban iya shan ruwa maƙwabci na kallo ba."

Kogi ya yi dariya, ya tsage, kowane reshe ya bi yatsa guda. Matan gari da suka gani, su ma kowace ta danna nata hannun. Jatau kuwa ya kwance kayansa, ya ɗauko tulu.

Shi ya sa har yau, in Kogi ya kusa teku, sai ya rage gudu ya rarrabu, yana leƙa kowace ƙofa. Ƙwaryar Barmani yake mayarwa, kuma har yanzu bai ga ta cika ba.