Goran Ruwan Tasalla

Ranar da bokayen fada suka ce ciwon Tasalla ya fi ƙarfinsu, ranar mijinta Yarima Kailani ya ɗaura sirdi. Sun ce babu magani sai ruwan da ke zubowa daga ƙololuwar Dutsen Marmara, a ƙasar aljanu. Ta riƙe bakin rigarsa ta roƙe shi ya zauna kusa da ita, ya zare rigar a hankali, don a gidansu jarumi ba ya zaman jinya.

Ya keta hamada, ya ratsa birnin matsafa inda ake kasa inuwar mutane a kasuwa, ya bar dokinsa a gindin dutse, ya hau da hannu da gwiwa har faratansa suka tsage, sai ga ruwan yana faɗowa daga cikin gajimare da rugugi kamar aradu. Ifiritun da ke gadi ya tare shi ya ce, "Ya kai bil'adama, koma ka mutu a shimfiɗarka." Kailani ya amsa da takobi. Da ya kayar da shi ya cika gora, ifiritun yana tofar da jini ya gaya masa ruwan ba ya warkarwa sai da yardar mai shi, Damraƙu sarkin aljanu, can sama a makiyayarsa.

Makiyayar shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawa har ƙugu, furanni masu ƙamshin almiski, fararen shanu masu ƙahon azurfa suna kiwo cikin hazo. Sarkin aljanu ya sa aka shimfiɗa masa buzu, ya soma gaisuwa. To, a fadar mahaifin Kailani an hore shi cewa baƙo ba ya faɗin buƙatarsa sai mai gida ya gama gaisuwa, ba ya kuma tashi sai an sallame shi. Damraƙu ya tambayi hanya da gajiya, ya tambayi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gabatar masa da shanunsa, kowace da sunanta da na uwarta. Kailani yana ta "lafiya lau", gora a cinyarsa. Ciyawa ta bushe ta sake tsirowa, maruƙa suka girma suka haihu. Mutumin da ya kayar da ifiritu ya kasa katse maganar tsoho.

Da aka gama ya faɗi buƙatarsa, sarkin ya ce, "Ɗan wannan abu? Ai da ka faɗa tun isowarka."

Kailani ya gangaro da gudu. A bakin ruwa ifiritun ya nuna masa birninsu can ƙasa, da wata tsamiya da ta girma a kan kabarin Tasalla.

Ya koma sama, don babu sauran inda za shi. Damraƙu ya yaba ladabinsa, ya aura masa 'yarsa Gimbiya Marjanatu, ya naɗa masa rawanin makiyaya. Maroƙa suna kiransa mai nasara. Goran yana rataye a bayan gadon sarauta, kuma har yau bai manta maganar da ya hau dutsen yana bitarta ba: "Tasalla, na dawo, tashi ki sha."