Hirar Da Mika Bai Yi Da Mahaifinsa Ba

Akwai wani ɗan jarida haifaffen Zuru mai suna Mika Dawuda, wanda a shekarun dubu biyu da 'yan kai fuskarsa ba ta ɓuya a talabijin. Shirin siyasa yake gabatarwa a Abuja. In ya zaunar da sanata ko minista, sai mutum ya haɗa gumi duk da sanyin ɗakin. Ya kuma rubuta littattafai a kan manyan ƙasa.

Mahaifinsa, Baba Dawuda, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa. Da muƙamin kofur ya bar aiki, ya koma noman dawa a bayan gari. Larai, ƙanwar Mika, ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

Duk Kirsimeti in Mika ya zo gida, tsohon yakan jawo kujera kusa da shi ya ɗauko labarin yaƙi. Mika yana gyaɗa kai, idonsa na kan waya. Wata shekara tsohon ya roƙe shi ya saka shi a littafi, ko da shafi ɗaya ne. A gaban baƙi Mika ya amsa masa.

"Baba, janar-janar ma layi suke bi. Wa zai sayi littafin kofur?"

Baƙi suka yi dariya, tsohon ya taya su. Daga ranar bai ƙara ɗauko zancen ba.

A shekarar zaɓen 2007 aiki ya sha kan Mika. Larai ta yi ta kira ba ya ɗauka. Ta turo saƙo cewa Baba ya faɗi a gona. Mika ya aiko direbansa da magunguna, ya ce zai zo bayan an rantsar da gwamnati. Aka rantsar, bai zo ba.

Ana nan sai masu buga littattafansa suka ce yaƙin ya cika shekara arba'in da farawa, kuma mutane sun gaji da labarin manya, na ƙananan sojoji ake son ji. Sai a lokacin Mika ya tuna yana da ɗaya a gida. Ya ɗauki mai kyamara suka kama hanyar Zuru.

Ya tarar da tsohon a kujera ƙarƙashin mangwaro, an rufe masa ƙafafu da zane. Rabin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Larai ta ce tun faɗuwar nan bai sake furta kalma ba, ko da Hausa ko da yarensu na C'lela.

"Na rubuta maka a saƙon, Yaya. Ba ka karanta har ƙarshe ba ne."

Mika ya saurari zuciyarsa, bai ji komai ba. Ba tsoro, ba baƙin ciki. Abin da ya saba shi ya yi. Ya ce a kafa kyamara, ya maƙala wa tsohon makirufo a wuyan riga, ya zauna ya yi tambayar farko.

Tsohon ya zuba masa ido. Miyau ya gangaro masa, Larai ta zo ta goge. Mika ya yi tambaya ta biyu, ya yi ta uku. Haka suka zauna har kaset ya ƙare.

Mai kyamarar ya ba da shawarar a ɗauki Larai. Ta ce labaran duk suna kanta, don a da kullum da yamma tana tsintar wake Baba yana ba ta su. Amma ba za ta faɗa wa na'ura ba. In Mika yana so, ya sallami mai kyamarar ya yi mata kwana biyu a gida. Mika ya ce yana da hira da wani gwamna ranar Alhamis. Ya tafi.

Baba Dawuda ya rasu kafin a yanke dawa. Mika ya zo jana'iza, ya tsaya a coci kamar baƙon da aka gayyato, idonsa a bushe. Washegari ya koma aiki.

Littafin ya fito cike da labaran iyayen wasu, aka yi ta yabonsa. Ranar ƙaddamarwa wata matashiyar 'yar jarida ta tambaye shi ko akwai nasa da ya yi yaƙin. Ya ce mahaifinsa.

"A wace bataliya, ranka ya daɗe? A ina ya yi?"

Kyamarori duk na kansa. Mika ya kalli makirufon da ke gabansa.

"Sai na tambayi ƙanwata," in ji shi.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina muryar gidanku. Tsohon da ke maimaita maka labari ba surutu yake ba, amana yake neman wanda zai ba, kuma bakin nan ba kullum zai buɗe ba. In naka suna raye, ka je ka zauna ka saurara. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe bai leƙa gida ba.