Yajin Aikin Carki da Kunnen Ɓauna

An yi wani Carki, ɗan tsuntsun nan mai jan baki da ke cire wa dabbobi kaska. Shi ne babban likitan garken ɓauna, kuma haƙurinsa ya yi yawa har ana ɗauka tsoro ne. Shugabar garken Ɓauna ce, mai faɗin ƙaho da faɗin rai. Kullum a gefenta akwai Biri, wanda bai taɓa cewa bai iya wani aiki ba, muddin da abin lasawa.

Carki da 'yan uwansa sun yi sheƙa a kogon wata tsohuwar ɗinya, ɗinyar kuma ita ce wurin susar garke. Kowace safiya sai a jingina a yi ta goga, itace na rawa, ƙwai na faɗowa.

Ranar da ƙwansa na uku ya fashe, Carki ya sauka a ƙahon Ɓauna.

"Ranki ya daɗe, damina uku muna kawo kuka. A bar mana ɗinyar nan."

"An kafa kwamiti," in ji Ɓauna, tana tuƙa.

"Ai kwamitin ne ya yi susar jiya, ranki ya daɗe."

"Kai, tsuntsu! Kuna cin kaskarmu kyauta, har da bakin magana? Wanda ya gaji ya tashi!"

Sai kuwa suka tashi, kaf ɗinsu. Yajin aiki ya kankama.

Biri ya matso yana murza hannu. "Wane aiki, ranki ya daɗe? Shi baki ɗaya gare shi, ni yatsu goma. A bar mini 'ya'yan ɗinyar kawai."

Carki yana reshe yana kallo. Biri ya kama kaska ya fizge, ya kama ya fizge, garke na ta yaba saurinsa. Carki dai ya runtse ido, domin ya san kaska ba a fizgar ta. Lallaɓawa ake yi, a sa baki ƙarƙashin kanta a ɗago. In aka fizge, kan ya zauna a fata.

Kwana huɗu, jikin kowa ya kumbura. Ƙudaje suka yi biki. Maruƙa suka daina shan nono, abin da ya hana Carki sukuni ke nan.

Ana haka wata kaska ta shige kunnen Ɓauna. Biri ya leƙa, yatsa bai kai ba, sai ya karyo tsinke ya zura. Ƙarar da Ɓauna ta yi, kada ma sai da ya fito daga gulbi ya tambayi wa ya rasu. Ta ɗebi Biri da ƙaho ta cilla sama. Masu ba da labari sun ce sai da la'asar ya sauko.

Da azahar Ɓauna ta iso gindin ɗinya, kai a karkace. Ko gogar itacen ba ta yi ba.

"Likita."

"Wa ake nema? Nan tsuntsaye ne kawai."

"Likita Carki, na yi kuskure. Amma ɗinya dungurungum ba zan iya ba ku ba. In na hana garke susa har abada, gobe ba ni ce shugaba ba."

'Yan uwan Carki suka ɗau ihu: "Duka ko babu! Duka ko babu!"

Carki ya so ya bi su, don haushin ƙwansa bai huce ba. Amma ya hango wani maraƙi kwance ya kasa korar ƙuda.

"To ji," in ji shi. "Daga saka ƙwai har 'ya'yanmu su yi fiffike, ku koma suri ku yi susa. In sun tashi, ɗinya ta kowa ce. Kuma ba a kwamiti za ki faɗa ba, a gaban garke."

"Na yarda. Ku kuma ko mun sake ɓatawa, kada ku bar maruƙa."

"Mun ɗauka. Sai dai yau layi za a bi, kuma maruƙa ne gaba."

Haka Ɓauna ta sanar a gaban kowa, ta koma ƙarshen layi da karkataccen kanta. Da aka zo kanta, Carki ya ɗago kaskar da kanta da komai, garke ya ɗau guɗa.

Daga ranar nan ko ƙwai ɗaya bai ƙara fashewa ba. Ɓauna da kanta ke gadin ɗinya, wanda ƙaiƙayi ya kawo shi ta nuna masa suri da ƙaho.

Darasin wannan labari shi ne, shugaban da ya raina masu kula da lafiyar jama'arsa, wata rana a gabansu zai tsaya. Saukowa a yi sulhu ba ta rage masa girma, kuma mai gaskiya ma in ya sassauta kaɗan, ya fi samun abin da zai ɗore.