Makaɗin da Ke Kallon Kafaɗa

Akwai wani mawaƙin rok a birnin Rosario mai suna Fermin Ledesma. Allah ya ba shi murya, shi kuma ya ƙara wa kansa girman kai. Shekara ashirin abokinsa Casimiro yana buga masa ganga.

Da ƙungiyar kiɗansu ta shiga ɗakin naɗar sabon faifai, Fermin ya ce, "Casi, ka tsufa. Kullum sai ka ja ƙafa a tsakiyar waƙa. Je ka huta."

Casimiro ya tattara sandunansa, ya tafi.

Aka kawo wata matashiyar makaɗiya, Ludmila, wadda bugunta ke tafiya daidai kamar agogo. Sai ga abin mamaki: duk waƙar da Fermin ya ɗauko, kafin ya kai amshi numfashinsa ya ƙare. Kwana tara ko waƙa ɗaya ba ta naɗu ba. Tsoro ya kama shi, don ya ɗauka muryarsa ta tafi ke nan.

Rana ta goma Ludmila ta kunna wani tsohon bidiyon wasansu. "Maigida, yau dai daina kallon kanka. Kalli tsohon makaɗinka."

Fermin ya duba. Ashe idon Casimiro ba ya kan ganga, yana kan kafaɗun Fermin. Da zarar sun ɗaga, sai ya ɗan riƙe bugun har mawaƙin ya shaƙi iska. Kowace waƙa haka. Nan Fermin ya gane, domin tun yana yaro yake da ciwon asma, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya je gidan Casimiro, ya iske shi a tsakar gida yana shan wani shayin ganye da suke kira mate.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun wasanmu na farko, sarkin cika baki. Ƙirjinka na kuka kamar buta a wuta, ni kuma ina bayanka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kana ɓoyewa, sai na taya ka."

Fermin ya zauna a ƙasa, ya yi kuka sosai.

Casimiro ya dawo, amma ya ƙi karɓe wa Ludmila kujera. Gefenta ya zauna, ya ce, "'Yata, bar agogo, kalli kafaɗarsa." Waƙar da ta gagara kwana tara, a shiga ɗaya ta naɗu. A bayan faifan aka rubuta sunan makaɗa biyu.

Darasi: Kafin ka kori wanda kake ganin yana ja da kai baya, bincika, wataƙila kai yake jira. Ku tura wa wanda ya daɗe yana rufa muku asiri.